Tafin Hannun Kailu

"In dai ina da rai, jinina ba shi gamuwa da na maƙera."

Magagi ne yake wannan rantsuwa a tsakar gidansa, sanda a hannunsa. A gabansa hauyoyi uku ne sababbi kwance cikin ƙasa, inda ya yi jifa da su. Kailu maƙeri ne ya aiko da su da hantsi, gaisuwar mai neman aure, karo na uku ke nan.

'Yarsa Kubura tana durƙushe a bakin ɗakin uwarta, mazarin kaɗi a cinyarta, hawaye na sauka kan audugar.

"Baba, ni ba budurwa ba ta," ta ce murya ƙasa-ƙasa. "Na yi aure inda kunka ce, mijin ya mutu, na yi takaba. Bazawara ita ka zaɓen mijinta, duk ƙasar Kurfai an san haka."

Bai bari ta rufe baki ba. Sandar ta sauka a kafaɗarta, ta sake sauka a gadon bayanta. Ya ɗaga a karo na uku, sai hannu ya riƙe sandar ta baya.

Hamani ne, yayanta, ɗa namiji ɗaya da ya rage wa Magagi.

"Baba, ya isa," ya ce. "In duka kaka so, ga bayana. Amma Kailu mutumen kirki na, kai ma ka sani."

Magagi ya sani kuwa. Duk hauyar da ya taɓa noma da ita tun yana saurayi daga maƙerar su Kailu ta fito. Wuƙar da ake yanka ragon layya a gidan ma daga can take. Amma mutanenmu haka suke, su ci geron da ƙarfen maƙeri ya noma, in an zo maganar haɗa zuri'a su ɗaure fuska kamar an zage su.

Sai dai ba girman kai kaɗai ke cin tsohon ba, har da tsoro. Akwai wani mai neman Kubura, Idi, gardin kumandan, wato dogarin Baturen mulki, mai jar hula da dorina. Shi ne yake zagaya gari yana zaɓen mazan da za a kai aikin tilas a hanyar Yamai. Gidan da gardi ya yi surukuta a ciki, igiyar kamu ba ta shiga. Magagi yana kallon Hamani, yana kallon gonarsa, yana lissafin shekarunsa, sai ya ga Idi ya fi kowa kyau a duniya.

Ya fizge sandarsa ya fice.

Inna Rabi ta jawo Kubura cikin ɗaki, ta yaye mata zane tana duba shatin dukan, ita ma tana kuka.

"Ki yi haƙuri ki amshi Idi, ɗiyata. Aure duka aure na."

"Inna, shi yaɗ ɗaura ma mijina igiya a wuya. Da idona nig gani. Wata huɗu anka aiko mani da takalminai, anka ce ya mutu yana hwasa dutse. Hannun da yay yi wannan, shi kika so shi taɓa ni?"

"To mi kika so mu yi? In anka ɗauke Hamani, wa ka noma muna?"

"Ban sani ba, Inna. Abin da nis sani, in na ji ƙarar guduma daga maƙera, zuciyata kwanciya takai. Shekara biyu ban yi dariya ba sai da Kailu yal liƙe mani tukunyar ƙarhe, yac ce ramin ya hi tukunyar girma amma za shi gwadawa. Ina son shi, Inna. Ko kashe ni za a yi, ina son shi."

Rabi ta toshe mata baki da hannu, don ba maganar da ake faɗa wa uwa ba ce. Suna cikin haka wata maƙwabciya ta leƙo ta kan danga.

"Rabi, motar Yamai ta iso kasuwa. Mutum ashirin sunka kama. Har da maƙerin nan naku."

Kubura ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ko mazarin ba ta tuna ta ajiye ba, da shi ta fita a guje.

* * *

Ranar kasuwar Filingue ce, amma ba mai ciniki. Kowa ya bar kayansa ya yi cirko-cirko yana kallon motar, wata ƙatuwar kamiyo mai katako a baya, tana ta gurnani a tsaye. Tun asuba take fama da rairayin hanya, gabanta har turiri yake yi. Matuƙinta, wani mutumin Dahomi, ya ƙi kashe ta don ya san wahalar tayar da ita.

An jera mazan a gefenta, igiya ɗaya ta bi wuyansu duka. Kailu ne na ƙarshe. Girarsa ta fashe, jini ya bushe a kumatunsa.

Ba a saba kama maƙera ba. Su ne masu yin diga da shebur ɗin da ake aikin hanyar da su, kumandan da kansa ya ce a bar su. Amma kumandan ba ya bambanta maƙeri da manomi in ba an gaya masa ba, kuma Idi ne bakinsa da kunnensa, shi kaɗai yake jin Faransanci a cikin gardawan.

Kubura ta ratsa mutane har ta isa gaban igiyar.

"Kailu."

Ya ɗago, ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Koma gida, Kubura. Wata shida na, ba mutuwa ba ta."

"Haka wancan ma yac ce mani."

Inuwa ta faɗo a kansu. Idi ne, dogo, kakinsa a goge, yana kaɗa dorina a gefen ƙafarsa.

"Sannu da zuwa, amarya," ya ce. "Kin zo bankwana? Yi da sauri, rana na yi."

"Kai dai Allah shi isa tsakaninmu da kai."

Idi ya yi dariya. Bai taɓa ta ba. Ya juya ya zabga wa Kailu dorina a fuska, ya ƙara masa a wuya, ya ƙara a haƙarƙari. Igiyar ta fizgi na kusa da shi suka zube tare.

"Duk kalma guda da kih hwaɗi, shi ka biya," ya ce da ita a hankali. "Ƙara wata."

Kubura ta cije leɓenta. Hamani ya iso ya riƙe mata hannu. Can baya ta hango ubanta ya tsaya a gindin rumfa, ya sunkuyar da kai.

Aka fara kora mazan cikin mota da gindin bindiga. Kumandan ya fito daga inuwa da farar hularsa mai faɗi, yana duba agogo. Har ya ɗora ƙafa zai hau, sai matuƙin ya yi wata magana da ƙarfi yana nuna ƙasa.

A ƙarƙashin hancin motar rairayi ya jiƙe, faɗin faifai. Ruwa yana ɗiga, ɗis, ɗis, ɗis.

* * *

A gaban motar akwai tukunyar ruwan da ke sanyaya inji, wadda suke kira radiyatar. A gindinta akwai wani ɗan toshin tagulla mai haƙora, bai fi babban yatsa ba, wanda ake kwancewa in za a zubar da tsohon ruwa. Matuƙin yana ce masa bushon. Daga nan ruwan yake fita.

Matuƙin ya kwanta ya sa kile, ƙarfen ɗaure noti, ya ƙara ɗaure shi. Ɗigon ya ƙaru. Ya sake murɗawa da ƙarfi, sai ɗigon ya zama siririn zare. Ya fito yana yarfe hannu, ya gaya wa kumandan cewa a haka ba za su kai ko garin Damana ba, ruwan zai ƙare injin ya ƙone a tsakiyar daji.

Fuskar kumandan ta yi ja. Ya shiga zazzaga masifa da yarensa, ya harbi tayar motar da ƙafa, ya ɗaga wa matuƙin hannu. Shi kuwa matuƙin, da ya ga mari na zuwa, sai ya juya ga jama'a da 'yar gurguwar Hausarsa.

"Maƙeri. Akwai maƙeri nan garin?"

Idon kasuwa duka ya koma kan mutum ɗaya a bayan motar. Kumandan ba ya jin Hausa, amma yana da ido. Ya nuna Kailu, aka kwance shi aka sauko da shi.

Kailu ya durƙusa ya leƙa. Ya daɗe yana kallo, bai taɓa komai ba. Bai taɓa gyara mota ba a rayuwarsa, amma ya san tagulla, ya san ruwa, ya san yadda suke yi in sun haɗu.

"Toshin lahiya lau shike," ya ce. "Akwai wani zobe tsakaninai da tukunyar, shi yam mutu. Ɗaurin da ankai ya ƙara murƙushe shi. In yanka sabo na hwata, a naɗe haƙoran da zare, a shahe da man kaɗe. Amma sai a kashe motar ta huce. Ruwan ga tahwasasshe na."

Idi ya juya wa kumandan maganar. Kumandan ya amsa a gajarce.

"Ya ce in ka tsai da ruwan, ka tahi gida," in ji Idi, kamar maganar na yi masa ɗaci a baki.

Zuciyar Kubura ta yi tsalle. Ta matse hannun Hamani.

Aka kashe motar. Matuƙin ya ce sai an jira kamar sa'a guda. Kumandan ya dubi agogo, ya dubi rana, ya yi tsaki. A nan ne Idi ya matsa kusa da shi yana magana ƙasa-ƙasa, yana nuna hannuwan Kailu, yana murmushi. Kumandan ya ɗaga gira. Matuƙin ya fara girgiza kai yana musu, aka daka masa tsawa.

Idi ya juyo ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Na gaya ma kumandan maƙeran Kurfai ba su jin wuta. Ranar salla muna ganinsu suna lasar jan ƙarhe, suna wanka da garwashi. Kumandan na tambaya, Kailu, gaskiya ta ko ƙarya ta? In gaskiya ta, mi za a jira? In kuwa ƙarya ta, hwaɗi gaban jama'a, ubanka da kakanka maƙaryata na."

Kowa ya juya ga Kailu.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san maƙeri yana iya yarda an fi shi dukiya, an fi shi asali, an fi shi komai, amma ba ya buɗe baki a bainar jama'a ya ce wuta tana cinsa. Abin da ya gada ke nan, shi ne kaɗai abin da masu raina shi suke tsoronsa a kai. Su maƙeran sun san a cikin wasan wutar nan akwai magani, akwai kuma saurin hannu da sanin daidai lokacin da za a saki ƙarfe. Sun kuma san ba a yi da ruwan zafi, don shi ba a sakinsa, bin fata yake yi. Amma wannan magana ce ta cikin maƙera, ba ta fita waje.

Kubura ta ga idon Kailu ya zagaya. Ya wuce kan tsofaffin maƙera biyu da ke tsaye bakin rumfarsu, ya je ya tsaya a kan Magagi.

"Ka ce a jira," ta yi masa raɗa. "Don Allah, Kailu, ka ce a jira. Ni ban damu ba."

Bai dube ta ba.

"Gaskiya ta," ya ce. "A kawo mani hwata."

Wauta ce, kuma Kubura ta san wauta ce. A ranta ta tsine wa girman kan maza gaba ɗaya, na ubanta da na masoyinta.

* * *

Wani baduku ya miƙo guntun fata jemammiya. Kailu ya gwada faɗin toshin da ido, ya yanka zobe da wuƙa, ya huda tsakiyarsa. Wata mai sayar da man kaɗe ta turo ɗan ƙoƙo. Ya nemi a ba shi ƙwarya ya tare ruwan, kumandan ya ƙi, ya ce ba za a zubar a tsaya jiran ɗebo wani daga rijiya ba. A cire, a toshe, a mayar.

"To wa za ya naɗe mani zaren?" Kailu ya tambaya. "Hannu guda za shi riƙe ramin."

Matuƙin ya matso. Idi ya tare shi da dorina.

"Aikin maƙera na. Wanda duk yat taɓa, ya zama nasu."

Ya san abin da yake yi. Manoman da ke wurin suka ja da baya, kowa yana duban ɗan'uwansa. Tsofaffin maƙeran suka yunƙuro, wani gardi ya gitta musu bindiga.

Sai Kubura ta ga mazarin da ke hannunta, da zaren da ta kaɗa da safe a naɗe a jikinsa.

Ta saki Hamani ta shiga fili. Ta ji muryar ubanta yana kiran sunanta daga baya, ba ta waiwaya ba. Ta durƙusa a rairayi kusa da Kailu, a gaban duk Filingue.

"Gaya mani yadda za ni yi."

Ya dube ta, idonsa ya ciko.

"Zoben za ki hwara sakawa, shi zauna daram a gindi. Sannan zare, ki bi haƙoran ta hannun dama, zagaye bakwai, kar shi hau kan juna. Sannan mai. Kar ki yi sauri don ni. In kinka yi sauri, sai mun sake."

Ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashin motar. Ya sa kile ya sassauta toshin, ya ƙarasa da yatsu. Ya yi bisimilla ya zare.

Ruwan ya fito da huci. Ya wanke masa hannun dama har gwiwar hannu kafin ya danna tafin hagu a bakin ramin. Ya cilla mata toshin a kan zanenta.

Bai yi ƙara ba. Duga-dugansa ne suka shiga tonon rairayi, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ruwan yana tsartuwa ta tsakanin yatsunsa yana bin damtsensa yana sauka a ƙirjinsa.

Toshin ya ƙona yatsun Kubura, ta riƙe shi da bakin zane. Ta kankare mataccen zoben da farce, ta zura sabon. Zaren ya kuɓuce. Ta sake kamawa.

Ɗaya. Biyu.

"Kun gani, ba shi ji," wani ya ce a cikin taron. "Wallahi ba shi ji."

Ita tana jin yadda haƙoransa ke ƙara. Tana ganin jini yana gangarowa daga leɓen da ya cije. Uku. Huɗu. Hawaye suka rufe mata ido, ta share da kafaɗa. A na biyar zaren ya hau kan ɗan'uwansa. Ta tsaya. Zuciyarta ta ce wuce kawai, wa zai gani. Ta warware ta sake bi daidai, tana kuka a fili yanzu, tana ambaton sunan Allah. Shida. Bakwai. Ta dangwalo mai ta shafe.

"Ga shi."

Ya karɓa da hannun dama wanda fatarsa ta riga ta yi fari ta tattare. Ya janye tafin hagu, ruwan ya sake kwararo masa, ya lalubi ramin a cikin turirin. Sau biyu toshin yana zamewa. A na uku haƙoran suka kama. Ya murɗa da yatsu har ya tsaya, ya sa kile ya ƙara ɗan kaɗan, bai kai rabin zagaye ba, ya saki.

Hamani ne ya jawo shi waje ta ƙafafu.

Matuƙin ya ƙara ruwa tulu guda, ya murɗa ƙarfen tayarwa har motar ta kama. Kumandan ya tsuguna da kansa, ya shimfiɗa farin hankicinsa a ƙarƙashin toshin, ya tsaya yana duban agogo. Da ya ɗauko shi, a bushe yake.

Ya yi murmushi, ya nufo Kailu zai dafa shi. Sai ya ga hannuwan.

Tafin hagu babu fata, ta manne a jikin tukunyar motar. Na dama ya kumbura ya yi bororo har gwiwa. Kumandan ya daɗe yana kallo. Ya juya a hankali ya kira Idi, ya karɓi dorinar daga hannunsa, ya shimfiɗa masa ita a fuska. Jar hular ta faɗi. Ya ƙara masa, ya ƙara, har Idi ya kai gwiwa ƙasa a gaban matan kasuwa.

Wata tsohuwa ta yi dariya, wasu suka taya ta. Kubura ma sai da ta ji sanyi a ranta. Ta rungumo kan Kailu a cinyarta, ba ta damu da wanda ke kallo ba.

"Ka tsira," take ce masa. "Ka tsira, Kailu."

Da ta san abin da ke tafe, da ta roƙi tsohuwar nan ta rufe bakinta.

* * *

Kumandan ya jefar da dorinar, ya ƙirga mazan da ke cikin mota da yatsa. Goma sha tara. Takardarsa ashirin ta ce. Ya faɗa wa Idi kalma biyu ya hau gaban mota.

Idi ya tashi. Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya tofar da jini. Samari suka fara sulalewa ta bayan rumfuna, amma bai ko dube su ba. Ya wuce mutum biyar, ya wuce goma, yana tafiya a hankali, har ya zo ya tsaya a kan Hamani, wanda ke tsugune yana zuba wa Kailu ruwan sanyi a hannu.

"Tashi."

Hamani ya miƙe ya kai masa naushi a baki. Nan take gardawa uku suka rufe shi. Gindin bindiga ya same shi a ciki, wani a ƙeya. Ya faɗi, suka bi shi da takalma. Kubura ta yi kansu, aka hankaɗe ta ta faɗi kan ƙoƙon mai. Tana gani aka zura wa yayanta igiyar da aka cire daga wuyan Kailu.

Magagi ya taho da gudu irin na tsofaffi, sandarsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Ya zube ya kama ƙafar Idi.

"Ɗana, ka ji tausayina. Shi ɗai gare ni. Ɗauke ni a madadinai."

Idi ya fizge ƙafarsa ya ture shi da ita, rawanin tsohon ya warware a ƙasa. Sannan ya sunkuya, yana magana da Magagi amma idonsa na kan Kubura.

"Ni ka rakiyar su Yamai. Kasuwa mai zuwa ina dawowa. Wanda yas sa suna cikin takarda, shi ka iya hidda shi. Ka san abin da nika so in iske an shirya, Baba. In ban iske ba, wurin hwasa dutse za a kai shi, inda anka kai surukinka na hwari."

Ya haye bayan motar. Ta yi gurnani ta ja. Inna Rabi, da labarin Hamani bai kai mata ba sai a lokacin, ta biyo ta da gudu ba ɗankwali tana kiran Hamani, har ƙafarta ta harɗe ta kife.

Mutane suka watse sannu a hankali, ba mai son haɗa ido da wani.

Magagi ya rarrafo inda Kubura take. Ta ɗaure jiki tana jiran mari. Maimakon haka sai tsohon ya durƙusa a gabanta, gwiwa biyu, kansa ba rawani, abin da ba ta taɓa zaton za ta gani ba har ta mutu.

"Kubura," ya ce, muryarsa ta dushe. "Na doke ki da sahe, ki yahe mani. Yaron ga namiji na, na gani da idona, ban da abin cewa a kainai. Amma ɗan'uwanki. Ke kin san wurin da za a kai shi. Ba umurni nika ba ki ba, roƙonki nikai."

"Baba, tashi. Don Allah tashi, mutane na kallo."

"Ba ni tashi sai kin ba ni amsa."

Ta juya ga Kailu. Yana kwance, hannuwansa a sama don kada su taɓa ƙasa, jikinsa yana ɓari. Ya ji komai.

Wata dabara ta faɗo mata, ta kama ta da ƙarfi don ba ta da wata. An sha yi, mota ta mutu a daji, gardawa su shagala, mazan su tsinke igiya su bazu cikin sabara, ba a sake ganinsu sai bayan kaka. Hamani ya san dajin Tondikandiya tun yana kiwo. Ta rarrafa zuwa inda motar ta tsaya, ta bi sawun tayar da ido har inda ganinta ya ƙare, tana neman ko da ɗigo ɗaya a kan rairayi. Ba ta gani ba.

Ta dawo ta sunkuya daidai kunnensa.

"Kailu, hwata ta, ba ƙarhe ba. Zare na, na kaɗi. Za shi saki a hanya, ko? Kahin su kai Damana za shi sake zuba, motar ta tsaya. Ka ce mani za shi zuba."

Kailu ya rufe ido. Hawayen da tafasasshen ruwa bai fitar ba suka gangaro ta gefen fuskarsa suka shige kunnensa.

"Ba shi zuba, Kubura," ya ce. "Ni da ke munka yi shi."